Gurnanin da Ke Shiga Jirgin Fokko

Duk wanda ya san tashar jiragen garinmu, nan bakin tekun arewacin Jamus, ya san Fokko Weerts. Ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don Fokko ba ya magana sai da ihu. Ba faɗa yake yi ba, kunne ne ya tafi. Tun gemu bai fito masa ba yake tsaye a kan injin jirgin kamun jatan lande, injinan dā kuwa ba su da ta ido, sai da suka cinye masa rabin ji sannan suka ƙyale shi. Rabonsa da jin kukan tsuntsun teku har ya manta. Waya sai ta yi ta kururuwa a aljihunsa har ta gaji ta yi shiru. Butar shayi kuwa, sai ya ga tururi ya turnuƙe ɗaki yake sanin ta tafasa.

A bayan ganuwar da ke tare mana teku aka haife shi, ubansa masunci, kakansa masunci, shi ma bai tsaya wata shawara ba. Makaranta dai ya leƙa ta ya fito. Abin da ya sani shi ne jan taru, da tafasa jatan lande a tukunyar jirgi tun kafin a iso gaɓa, da gane inda yashi ya koma bayan kowace guguwa, don yashinmu ba ya kwana inda ya wuni. Ya auri Gesine, mace mai saurin hannu da ke ɓare jatan lande tana kallon wani wuri, suka haifi 'ya ɗaya tilo, Tomke. Da Gesine ta rasu sai gidan ya yi masa faɗi. Ya zauna a ɗaki, ya zauna a kicin, ya zauna a ƙofa, ko'ina ya ƙi zaunuwa. Rana ɗaya ya miƙa wa Tomke mabuɗi ya ce, "Ungo, ke da mijinki ku cika shi da hayaniya." Ya kwashi butarsa da bargonsa ya koma wani tsohon jirgin ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen ciki da ya ɗaure can bakin ƙorama, nesa da tasha. A nan ne ya sake samun barci.

Tekunmu kuwa an san halinsa. Ya kwashe kayansa ya tafi, ya bar yashi da laka iya ganinka, sannan ya dawo kamar ba shi ba. In ya tafi jirgin Fokko sai ya zauna daram a kan yashi, in ya dawo ya ɗaga shi. Mai son ganin Fokko sai ya jira ruwa ya janye, ya zura dogon takalmin roba, ya taka ya je, ya sha shayinsa kofi uku da dunƙulen sukari a ƙasa, ya sa cokali a kofi alamar ya ƙoshi, ya kama hanya kafin ruwa ya biyo sawunsa. Ba mai zuwa da cikar ruwa. In ka yi sake hanya ta rufe kana can, ka wuni ke nan kana shan labarin jatan lande da ihu.

Bayan fitar sanyi abin ya fara. Rana tsaka, ruwa ya cika fal, Fokko yana zaune a cikin jirgi yana ɗinkin wani tsohon taru da ba wanda zai ƙara jefawa, sai ya ji dum. Ya ɗaga kai. Can kuma dum. Ba ma a kunne ya fara ji ba, a tafin ƙafa ya ji, sannan a ƙirji, kamar ana daka a wani gida can bayan gari, mai dakan kuma ba ta gajiya. A ƙarƙashin dakan akwai wani gurnani mai kauri da ba ya yankewa.

Ya hau sama. Shiru, sai iska. Ya duba gabas ya duba yamma, ko jirgi ɗaya babu. Ya sauko ciki, dum. Ya sake hawa, shiru. Ya sake saukowa, dum. Kai, ranar Fokko ya hau tsanin nan ya sauka har gwiwa ta fara yi masa tsiya. Ya kashe firji, ya cire batir, ya ɗaga katakon ƙasa ya leƙa ko wani ƙarfe ne ya kwance. Har wuyan hannunsa ya kama ya saurara, wai ko zuciyarsa ce take yi masa wasa, amma bugun bai zo ɗaya ba. Da ruwa ya fara sauka abin ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har ya ɓace. Fokko ya zauna ya yi zuru da allura a hannu.

Washegari ya tarar da tsofaffi a bencinsu na bakin tasha. Cikinsu akwai Harm, wanda suka yi rabin rayuwa a jirgi ɗaya suna zagin juna ba su taɓa ɓatawa ba.

"Kai, Harm, wa ke daka a cikin teku?"

"Wa ke me?"

"Daka! Dum, dum, a ƙarƙashin jirgina!"

Harm ya cire lofe daga baki ya dubi sauran. "Tabɗi! Jama'a ku matso ku sha labari. Kurman da ƙararrawar coci ke bugawa a kansa bai waiwaya ba, yau shi ke jin abin da ke ƙarƙashin teku."

"Ban da iskanci, tsohon banza."

"Jatan landen da ka dafa ne suka haɗa kai, sun zo ɗaukar fansa. Ka buɗe musu ƙofa ka ba su haƙuri."

Aka fashe da dariya. Amma da ruwa ya janye Harm ya sa takalmi ya bi shi, don abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ya durƙusa da ƙyar ya kafa kunne a ƙasan jirgi, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Na ji."

"Ka ji ko? Ka ji!"

"Na ji cikinka yana kuka. Ɗora mana shayi."

Fokko ba wawa ba ne, ya lura abin da cikar ruwa yake zuwa. Ya matsa wa Harm lamba har ya tuƙo ƙaramin kwalekwale ya zo da cikar ruwa. Suka zauna sun yi tsit, kowa ya kasa kunne. Ko ƙwas. Ruwa ya cika, ruwa ya sauka, ba daka ba gurnani. Harm ya tashi yana karkaɗe wando ya ce, "Mai dakan ta ji zuwan baƙo ta ji kunya."

Nan fa kan Fokko ya ɗaure. In ruwa ne, ga ruwa ya zo bai kawo komai ba. In ba ruwa ba ne, me ya sa bai taɓa ji a kan busasshen yashi ba? Ya yi ta lura, ya yi ta juya abin, har ya gano cewa sai wata ya cika ko ya mutu abin ke zuwa da ƙarfi, a tsakani kuwa shiru. Murna ta sa ya je benci ya faɗa da ihu, a nan kuwa ya tafka kuskure. Mu duka mun san babban ruwa, wato cikar da ta fi kowace hawa, da wata yake tafiya, ɗan yaye ma ya sani. Amma in tsoho ya ce abin da yake ji shi kaɗai da wata yake tashi, ba ruwa mutane ke tunawa ba. Ba wanda ya yi dariya ranar. Harm ma, mai bakin tsiya, ya sunkuyar da kai yana cusa taba a lofe.

Dalili kuwa, ba a manta da Hilka ba, mahaifiyar Fokko. Mace ce mai tsabta da kaifin baki, wadda wata rana tana shanya ta ce tana jin ƙararrawar coci daga cikin teku. Aka yi dariya. Bayan ƙararrawa ta fara sa takalmi a tanda, bayan takalmi ta fara tambayar Fokko shi ɗan gidan wane ne. A gidan kula da tsofaffi ta ƙare tana kallon bango. Fokko ne ya kai ta da hannunsa, ya fito ya bar ta tana kiransa da sunan wani. Tun daga ranar ba abin da yake tsoro a duniya, ko guguwa ko nutsewa, kamar ya gaji wannan ciwo.

Tomke a gidan burodi take aiki, tun asuba take tsaye. Duk da haka in ruwa ya janye da yamma sai ta ɗauko masa baƙin burodi da miya ta tako. Ranar ta ajiye kwanon ba ta zauna ba.

"Baba, an ce ka ce wata ne ke kawo maka ƙara."

"Ban ce wata ba! Ruwa na ce, babban ruwa!"

"To shi ruwan me ya sa yake daka?"

Ya kau da kai ya jawo kwanon miyar gabansa.

"Baba, in ka faɗi a nan ruwa ya rufe hanya, wa zai zo? Akwai ɗaki a gidan tsofaffi na birni, tagarsa tana kallon ganuwa. Na yi magana, sun ce za su riƙe mana shi zuwa ƙarshen rani."

"Ki ce su zuba dankali a ciki."

"Haba Baba."

"Ni ba kakarki ba ne!"

"Ban ce kai ita ce ba."

"Idonki ya faɗa."

Ta juya baya tana goge tebur ɗin da ba shi da datti. Ba ƙinsa take ba, kowa ya san yadda Tomke take son ubanta, tsoro ne kawai ya kama ta kamar yadda ya kama shi. Don ta ba shi haƙƙinsa ta ɗauki hutun yini guda da babban ruwa, ta tako tun da safe ta yarda hanya ta rufe da ita. Ranar iska ta tashi, teku ya yi ta jijjiga jirgin, har Tomke ta yi amai. Ruwa ya hau har inda bai saba hawa ba. Fokko yana ta cewa, "Jira, yanzu za ki ji, yanzun nan." Ba ta ji komai ba. Shi ma bai ji ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da yamma ta sauka ta tafi, bayan kwana biyu ta kai shi wurin likita.

Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya ɗora masa wani abu a kunnuwa ya ce in ya ji ƙara ya danna. Masu sirantaka duk suka wuce Fokko bai sani ba, masu kauri kuwa ya kama su tsaf. Sannan likita ya faɗa masa sunayen abubuwa uku ya ce ya riƙe, aka shiga wata hira.

"Ƙarar nan, yanzu kana jinta?"

"A'a."

"A cikin gari fa?"

"Sai a jirgi."

"In akwai mutane tare da kai?"

"Sai in ina ni kaɗai," in ji Fokko. Da ya ji maganar ta fito daga bakinsa, shi kansa sai da gabansa ya faɗi.

Aka tambaye shi abubuwan nan uku. Ya kawo tuffa, ya kawo tebur, na ukun kuwa kamar an share da tsumma. Ya ce ai likita ne ke magana kamar mai gulma, wa zai ji shi? Amma a mota, suna dawowa, ya yi ta tambayar kansa: bai ji ba ne tun farko, ko ya ji ya manta? Bai sani ba. Likita dai ya ce ba a yanke hukunci da zuwa ɗaya, su dawo bayan rani.

Daga nan Fokko ya daina faɗa wa kowa. In abin ya zo sai ya hau sama ya zauna a iska har ya wuce. Wani lokaci ya rantse a ransa cewa daga ruwa yake, wani lokaci ya ce haka Hilka ma ta rantse. Ya fara gwada kansa da kansa, yana jero sunayen jiragen da ya taɓa sani, in ɗaya ya kuɓuce masa sai gumi ya karyo. Shayi ma ya daina yi masa daɗi.

Ana haka wata safiya, ruwa yana hawa, teku lumui ba iska, wani ƙaramin jirgi ya raɓo kusa da nasa. Wata budurwa ce a ciki da jar rigar ruwa, ta ce sunanta Maren, daga wata cibiyar binciken teku take, tana jiran ruwa ya ƙara hawa ta wuce. "Kyaftin, in ɗaure a jikin naka?" Fokko ya ce ta ɗaure, ta shigo ta sha shayi, a garinmu ba a barin baƙo a ƙofa.

Suna kofi na biyu ya ji shi a tafin ƙafa. Dum. Ya ƙanƙame kofinsa, ya kafa ido a tebur, ya ce wa kansa ko za a yanka shi ba zai yi magana ba. Dum. Sai yarinyar ta ajiye kofi, ta karkata kai, ta ce, "Af, sun fara."

Fokko ya dube ta kamar ya ga fatalwa. "Me kika ce?"

"Na ce sun fara!" ta faɗa da ƙarfi, don ta riga ta gane kunnensa.

"Su wa? Ke, 'yar nan, kina ji? Da kunnenki kina ji?"

"Ina ji mana. Jirgin nan naka ai ya fi na'urata ji."

Tsohon nan da ya binne matarsa ido a bushe, sai ga ƙwalla. Ya juya ya yi kamar yana neman sukari.

Maren ta ce can bayan tsibirai, inda ido ba ya kaiwa, ana kafa manyan turakun ƙarfe a ƙasan teku, waɗanda za a ɗora wa injinan iska masu ba da wuta. Guduma ce ke dakan, gurnanin kuma na manyan jiragen aikin ne. Ita aikinta ta sauke na'ura a ruwa ta auna ƙarar, don kada ta kurmantar da dabbobin teku.

"Bayan tsibirai? Haba! Ai tafiyar wuni ce."

"Ƙara mai kauri matafiya ce a ruwa, Kyaftin. Siririya ce ke saurin mutuwa. Amma mai kaurin tana da sharaɗi, sai da zurfi. Doguwa ce, in ruwa ya yi ƙasa ba ta samun wurin miƙewa, sai laka ta shanye ta."

"Ƙara ce doguwa?"

"To, ba doguwa kamar igiya ba."

"Ke kika ce doguwa."

"Tsawon kaɗawarta nake nufi."

"Au, kaɗawa kuma take yi?"

Maren ta yi dariya ta dafe goshi. Ta ce, "Tsaya. Tudun yashin da ke tsakanin tsibiran can, babban jirgi yana haye shi da ƙaramin ruwa?"

"Ina! Sai ya kafe."

"To ita ma kafewa take yi. Sai babban ruwa ya rufe tudun take samun hanya ta iso nan."

Fokko ya girgiza kai. Ƙarar da ke kafewa a yashi kamar jirgi, wannan wace irin duniya ce? Shekara da shekaru yana yawo a kan ruwan nan yana zaton ƙarƙashinsa shiru ne kamar kabari. Ya tambaye ta me ya sa ba ya ji a sama, ta ce ruwa ba ya son sakar wa iska ƙara, ƙarfen jirgin ne ke karɓa ya zama ganga, shi kuma yana zaune a cikin gangar. Ya tambaye ta ranar da 'yarsa ta wuni fa, ga babban ruwa ga shiru? Ta ce in iska ta tashi ba sa aiki. Ya ce in jirgi ya zauna a kan yashi fa? Ta ce to ta ina za ta biyo? Gaskiya rabin bayanin ta bayan kunnensa ya wuce, har ta tafi bai gane yadda ƙara ke miƙewa ba. Amma abu ɗaya ya riƙe gam, wani mahaluki ban da shi ya ji.

Ruwa bai gama janyewa ba ya tsunduma cikin laka ya nufi gidan burodi. Ya shiga da taɓo har gwiwa, yana ihu a gaban masu saye, wai guduma ce, wai ƙara doguwa ce tana kafewa a yashi, wai wata yarinya mai jar riga ta faɗa masa. Ka ji fa! In da ma Tomke tana da sauran shakka, wannan bayanin ya isa ya ƙarasa ta. Ta ja shi bayan kanti.

"Wace yarinya, Baba? Wa ya gan ta ban da kai?"

Ya tsaya cak. Ba kowa. A take wani sanyi ya ratsa shi, har ya fara tambayar kansa ko kofi nawa ya wanke bayan tafiyarta.

"Ki zo sau ɗaya," ya ce. "Babban ruwa mai zuwa, ranar da ba iska. In ba ki ji ba, ni da ƙafata zan bi ki ɗakin nan."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ranar ta zo garau. Tomke ta tako da sassafe, Harm yana biye da ita yana ƙunƙuni, wai shi shaida ne. Ruwa ya zagaye su, jirgi ya ɗaga. Aka sha shayi, aka sake sha. Rana ta take, ruwa ya kusa kaiwa iyakarsa, shiru. Harm ya daina tsokana. Tomke tana ta murza gefen rigarta. Fokko kuwa ya kafa tafin ƙafafunsa a ƙasa ba takalmi, a ransa yana lissafin abin da zai ɗauka da abin da zai bari, ko za su yarda ya shiga da butarsa.

Dum.

Bai ɗaga kai ba. Tsoro yake ji ya dubi fuskokinsu. Dum. Sai ya ji Harm ya ce, "Kai! Wane ne wannan?" Tomke ta zame daga benci ta durƙusa, ta manna tafin hannu a jikin ƙarfen, sannan ta manna kunne. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago hawaye ya wanke mata fuska.

"Baba, ina ji. Wallahi ina ji. Har a haƙorana nake ji."

"A'a, wata ne!" in ji Fokko, ya miƙe yana ihu har kansa ya bugi rufi. "Jatan lande ne suka zo fansa! Kai Harm, tsohon banza, tashi ka buɗe musu ƙofa!"

"Na tuba, Kyaftin, na bi Allah na bi ka. Amma kurma dai kurma ne."

Tomke ta rungume shi tana dariya tana kuka. "Ka yafe mini, Baba. Gobe da safe zan je in ce su ba wani ɗakin." Fokko ya shafa kanta ya ce ba komai, ai ko shi da kansa ya fara zargin kansa. Rabonsa da farin ciki irin na wannan yini tun Gesine tana da rai. Ya soya musu ƙwai da jatan lande, ya ba su labarin yadda ƙara ke kafewa a yashi har sau uku, kowane da irin nasa bayanin, ba wanda ya gane, ba wanda ya damu. Suna ci dakan yana raguwa, har ya ɗauke ƙaf. Tomke da kanta ta ce, "Ka ji, ya tafi da ruwan."

Da la'asar sakaliya jirgi ya zauna a kan yashi. Harm ya fara sauka ya yi gaba, yana sauri ya riga kowa kai labari benci. Tomke ta sumbaci ubanta a goshi ta bi tsani. Fokko ya koma ciki yana tattara kofuna, har da 'yar waƙarsa.

Dum.

Ya tsaya da kofi a hannu. Dum. Ya leƙa ta taga. Yashi ne fetal har bakin sama, tsuntsaye suna yawo a kansa da ƙafa, ko ruwan da zai jiƙa idon sawu babu. Ya ajiye kofin ya manna hannu a jikin ƙarfe. Ƙarfe sanyi ƙalau, ba motsi. Ya ce to, kunne ne ya riƙe amo, yanzu zai saki. Ya toshe kunnuwa da yatsu, abin yana nan. Ya ce wataƙila yarinyar ce ta yi kuskure, ai masu ilimi ma suna kuskure. Ya hau sama da sauri, wurin da bai taɓa jinsa ba ko sau ɗaya, ya tsaya a fili cikin iska. Dum. Dum. Ga gurnanin ma a ƙarƙashi, ba ya yankewa.

Tomke ba ta yi nisa ba. Tana tafe tana kaɗa kwanon miya, tafiyar wadda aka sauke wa kaya. In ya yi shiru ta wuce, ba wanda zai ƙara tambayarsa, jirgi ya zama nasa har ƙarshe. Ya riƙe ƙarfen gefen jirgi da hannu biyu. Tsoro ne, tsoro tsantsa, irin wanda bai taɓa ji a kan teku ba.

"Tomke!"

Ta waiwayo tana murmushi. "Na manta wani abu ne, Baba?"

"Kina jin komai yanzu?"

"Yo Baba, ai ruwa ya…" Ba ta ƙarasa ba. Murmushin ya tsaya mata a fuska, ta dubi busasshen yashin da take tsaye a kai, ta dube shi.

A karo na farko a sanin mutanen garinmu Fokko ya yi magana ba da ihu ba, amma ta ji shi sarai.

"Ɗakin nan," ya ce, "kar ki ce su bayar tukuna."

Tomke ta juyo ta fara takowa wajen jirgin.